Amsa ga tambayar zanen fensir na 'yan Holan

Malama, kin tambaya me ya sa zanen fensir na masu zanen Holan na ƙarshen ƙarni na 19 yake kamar ba a gama shi ba, kuma me ya sa duk 'yan aiki da lebura ne a ciki. Na daɗe ina kwaikwayon waɗannan zane-zane da hannuna, bari in faɗi abin da na gano.

Wanda ake zanawar ba shi da lokacin tsayawa. Attajiri zai zauna a kujera kwana da kwanaki a zana shi, amma yarinyar da uwar ɗakinta ta aika kasuwa fa? Na gwada a tasha, ina bin wani ɗan dako da ido. Kafin in gama kafaɗarsa ya saɓa buhu ya ɓace. Layi shida na samu, amma nauyin buhun yana cikinsu. Ranar na daina ganin laifin George Breitner, ɗaya daga cikin masu zanen Holan ɗin nan.

Shi Breitner, haifaffen Rotterdam a 1857, shi da mai zane Vincent van Gogh sun riƙa yawo tare a unguwannin talakawa na birnin Hague a 1882, suna zana mutane a ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa da wuraren rabon abinci. Da ya koma Amsterdam a 1886 sai ya tarar da gari na ta kumbura, mutanen karkara na kwararowa neman aiki, ko'ina gini ake. Masu haƙar tushen gini da dawakan amalanke da 'yan aikin gida suka cika littattafansa. A shekarar ce ma aka yi tarzoma a unguwar Jordaan, aka kashe mutum sama da ashirin.

Van Gogh kuwa nasa daban ne, ni ban cika sa shi a wannan layin ba. Biyan mutane yake su tsaya masa, kamar tsohon nan Zuyderland na gidan gajiyayyu, wanda ya zana zaune ya haɗa kai da gwiwa, fuska cikin tafin hannu. Da fensirin kafinta yake aiki, yana dannawa sosai, sannan ya kwarara madara a kan takardar don ƙyallin ya mutu. Na gwada wannan ma, takardata ta yi laushi ta yage, sai da na koma mai kauri.

Idan za ki fara, nemi littattafan zanen Breitner a shafin intanet na Rijksmuseum, gidan tarihi da ke Amsterdam. Ki duba ƙafafu da bayan mutanen tukuna, fuskokin sau da yawa ɗigo biyu ne kawai.