Sabon batir, amma mota ta mutu

Jiya ka tambaye ni: "Oga, Golf ɗin nan ba sabon batir muka sa mata ba? Ya aka yi kwana biyu kacal ta mutu a hanya?" To, ajiye wayar nan ka matso.

Batir ajiya kawai yake yi, kamar randa. Babban aikinsa ya juya kik, inji ya tashi. Da inji ya kama, altaneta ne ke ɗaukar nauyin gida: fitilu, hon, fulogi, sannan ya mayar wa batir abin da kik ya kwasa. In mai ga-ruwa ya daina zuwa, kome girman randa sai ta ƙafe.

Leƙo ka gani. Fanbel, wato bel ɗin da inji ke ja, shi ke juya fulin nan, fuli ya juya rota a cikin altaneta. Ka ga burushin kabon guda biyun nan yadda suka cinye, ko rabin farce ba su kai ba? Su ke kai wa rota 'yar wuta ya zama maganaɗisu. Yana juyawa a tsakiyar naɗin wayar jan ƙarfe, sai wuta ta taso. Amma mai kai-da-komo ce irin ta gida, batir kuwa ba ya cin wannan. Shi ya sa ake sa diyod, galibi shida, su miƙar da ita ta bi hanya ɗaya. Regulata kuma shi ke tsawata mata kada ta wuce gona da iri.

Ɗauko mitar auna wuta, ka ɗora a kan batir. Mota a kashe, lafiyayyen batir zai nuna wajen volt 12.6. Ka tayar, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In ya tsaya a 12 da ɗoriya yana sauka, babu caji. Fara duba fanbel kafin ka kwance kome. In ya haura 15, regulata ya tafi, dafa batirin zai yi.

Kuma kada na sake ganin ka cire kan batir inji na aiki wai gwaji kake. Zamanin Fijo 504 a kan sha da wannan. Motocin yanzu wutar na iya zabura ta ƙone kwamfutar inji, sai ka je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ka ji kuɗinta. Miƙo min sifana 10, mu cire burushin nan.