Amsa ga ɗan'uwan da bankuna suka ƙi buɗe wa asusu a Ingila

Assalamu alaikum ƙanena. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce banki ya rufe maka asusu saboda bashin da ka kasa biya bara, ka nemi sabo a wurare uku duk sun ƙi, ga shi ka samu aiki a gidan kula da tsofaffi, suna jiran lambar asusunka kafin ƙarshen wata. Har ka fara tunanin ba su asusun abokinka. Don Allah dakata da wannan tukuna. Na shiga irin halin da kake ciki, kuma akwai hanya.

Da farko ka daina cika takardun neman asusu barkatai. Ina kyautata zaton duk ukun da ka nema asusu ne na gama-gari, irin wanda ke ba mutum damar cirar kuɗi fiye da abin da ya ajiye. Wannan damar bashi ce, shi ya sa suke tona tarihin bashinka kafin su amince, kuma irin wannan binciken yakan bar alama a fayil ɗinka, wato inda ake ajiye tarihin bashinka. Idan alamun suka taru cikin ɗan lokaci, banki na gaba sai ya ɗauke ka a matsayin wanda ke cikin matsi, ya ƙara ja da baya.

Abin da kake buƙata sunansa da Turanci "basic bank account", kuma haka za ka faɗa musu baki da baki. Asusu ne da babu bashi a cikinsa ko kaɗan. Albashi zai shiga, za a ba ka katin cirar kuɗi, za ka yi sayayya a shago da intanet, za a riƙa cire kuɗin haya da na wuta da na waya kai tsaye duk wata. Ba a biyan kuɗin riƙe shi, kuma idan lokacin cirar wani kuɗi ya zo babu isasshe a ciki, bankin ba zai ci ka tara ba, sai dai kamfanin da kake biya ya bi ka da nasa. Tunda ba su ranta maka komai ba, lalacewar tarihin bashinka ba hujja ba ce ta hana ka. Wannan ba alfarma ba ce. Dokar asusun biyan kuɗi ta 2015 ta wajabta wa manyan bankuna tara na Birtaniya su samar da shi ga wanda yake zaune a ƙasar bisa ƙa'ida kuma ba shi da wani asusun da yake amfani da shi: Barclays, HSBC, Santander, TSB, Nationwide, Virgin Money, Co-operative Bank, rukunin Lloyds da rukunin NatWest. Wasu sun ba shi sunan kansu. A Nationwide FlexBasic ne, a NatWest Foundation, a Co-operative kuma Cashminder. Ba a cika tallata shi ba domin banki ba ya samun wata riba a kansa, shi ya sa da yawa cikin mutanenmu suka yi shekaru a nan ba su taɓa jin labarinsa ba.

Ni a 2020 abin ya same ni. Tasi nake ja, korona ta zo, gari ya mutu. Na cinye ɗan abin da na tara, na shiga cin bashin asusuna har na kai iyaka, ga kuɗin waya da na kasa biya wata da watanni. Wasiƙu suna zuwa ina tara su a durowa ba na buɗewa, domin gabana faɗuwa yake yi da na ga ambulan. Da Allah ya sa na samu aiki a wani sito, sai na ba su lambar tsohon asusuna. Ranar da albashin farko ya shiga, bashin ya haɗiye shi kusan gaba ɗaya. Ga mai gida yana jiran haya, ga iyali a Kaduna suna jiran saƙo. Daga baya na fahimci cewa banki yana da ikon ɗaukar kuɗi daga asusunka ya biya kansa bashin da yake binka, ko da bashin na katin bashi ne ko rance dabam. Saboda haka ka riƙe wannan da kyau: kada ka buɗe sabon asusu a bankin da yake binka, ko a ɗan'uwansa. Lloyds da Halifax da Bank of Scotland gida ɗaya ne. NatWest da Royal Bank of Scotland haka. HSBC da First Direct ma haka. Ba cewa nake ka gudu da haƙƙin mutane ba, bashi dole a biya shi, ni ma na biya nawa a hankali. Amma sai da rufin asiri da abinci a ciki mutum yake iya biya.

Ranar da na je buɗe nawa, ma'aikaciyar ta so ta sa ni a asusun gama-gari, kwamfuta ta ƙi, ta ce min ta yi haƙuri. Na kusa juyawa. Wani bawan Allah da ke ba da shawara kan bashi kyauta ya riga ya gaya min in ambaci sunan asusun, sai na ambata. Ta koma ta cika wata takardar, cikin mako guda kati ya iso gida. Doka ta ce su yanke hukunci cikin ranakun aiki 10 daga lokacin da ka kammala ba su abin da suka nema.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne shaidar adireshi. Fasfo da izinin zamanka na intanet suna nuna ko kai wane ne, amma idan ɗaki ka kama a gidan wani, babu takardar wuta ko ta harajin kansul da sunanka. Ka duba ko kana da wasiƙa daga hukumar haraji HMRC ko ta DWP mai kula da fansho da tallafin gwamnati, ko yarjejeniyar haya. Kowane banki yana da jerin abin da yake karɓa, ka tambaya kafin ka tafi, don kada ka ɓata ranar hutunka. Ka tabbata yadda aka rubuta sunanka a fasfo haka yake a sauran takardun. Mu da ake rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, wannan kaɗai yana iya tsayar da komai.

Yanzu ga abin da nake so ka bincika tsakaninka da Allah. Ka tabbata bashi ne kawai ya sa aka rufe maka asusun? Na tambaya ne domin akwai abin da ya fi bashi muni, wato tambarin Cifas. Ƙungiya ce da bankuna ke musayar bayanan zamba ta hanyarta, kuma tambarinta yana iya zama a kan sunan mutum har shekara 6. Wanda yake da shi, ko wannan asusun na doka ana iya hana shi. Yara da yawa sun faɗa ciki ba da niyyar cuta ba: wani ya ce ara min asusunka a turo min kuɗi, ko mai canji ya ce za a zuba maka fam ka ba da naira a gida, ashe kuɗin na damfara ne. Kana da damar neman Cifas su nuna maka abin da suka rubuta a kanka, kyauta. Kuma wannan ne dalilin da ya sa na ce kada ka sa albashinka a asusun abokinka. Kuɗin da ya shiga can ba ka da iko da shi, idan shi ma ana binsa bashi naka zai tafi, idan kuma bankinsa ya yi zargi ka jawo masa masifa.

Idan sun ƙi ka kuma babu wannan tambarin, ka nemi dalili a rubuce, ka shigar da koke a bankin. Suna da mako 8 su ba ka amsa ta ƙarshe. In ba ta gamsar da kai ba, sai ka kai wa Financial Ombudsman Service, hukumar da ke raba gardama tsakanin bankuna da masu hulɗa da su, cikin wata 6, ba a biyan ko sisi. Amma kada ka zauna jiran wannan alhali wata yana ƙarewa, ka tafi wani daga cikin taran a ranar.

Wasu za su ce ka buɗe na manhajar waya kawai. Yana iya fitar da kai kunya a wannan watan, ban hana ba. Sai dai ka duba ko banki ne na gaske da ke ƙarƙashin kariyar FSCS, wato tsarin da ke mayar wa mutum kuɗinsa idan banki ya durƙushe, domin wasunsu kamfanonin hada-hadar kuɗi ta intanet ne kawai da ba su cikin wannan kariyar, wasu kuma suna cajin kuɗi duk wata.

Game da tarihin bashin, ka nemi rahotonka daga kamfanonin da ke ajiye shi, wato Experian da Equifax da TransUnion, doka ta ba ka shi kyauta. Alamar gaza biya tana fita da kanta bayan shekara 6, hukuncin kotu kan bashi da ake kira CCJ ma haka, sai dai in ka biya shi duka cikin wata guda da yanke shi, a nan ana goge shi. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya wanke maka fayil, kuɗinka kawai zai ci. Abin da zai taimaka shi ne ka yi rajistar zaɓe a adireshinka. Ɗan Najeriya ko Gana ko Kamaru mai izinin zama yana da wannan damar saboda ƙungiyar Commonwealth, kuma bankuna suna duba rajistar don tabbatar da inda mutum yake.

Sannan ka buɗe wasiƙun nan, ka kira StepChange ko National Debtline, ko ka je Citizens Advice. Duk kyauta ne, ba kuma za su wulaƙanta ka ba. A Ingila da Wales akwai tsarin da zai dakatar da masu binka da ƙarin ruwa har kwana 60 yayin da ake tsara maka biya, su ne za su shigar da kai. Ni har yau ban canza wannan asusun ba, ko bayan da fayil ɗina ya wanke, domin babu ruwa a cikinsa kuma ba ya barina in ci abin da ba nawa ba.

Gobe ka gaya wa mai kula da albashi a wurin aikinku cewa kana kan buɗe asusu, ka tambaye shi ranar ƙarshe da za su karɓi lambar. Idan ka tashi zuwa bankin kana jin nauyin Turancin ko tsoron a sake kunyata ka, ka yi min magana ta gefe, in muna kusa zan raka ka. Allah ya warware maka, ya sa albarka a sabon aikin.