Tambayi Likita: Yatsun da suka yi sanyi bayan ɗori

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 7 ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a gwiwar hannu. Jiya aka yi masa ɗori, yau yatsun sun kumbura, sun yi sanyi, yana ihu idan an miƙe su. Mai ɗorin ya ce kada a kwance. (Wata uwa daga Mai'adua)

Amsa: Hajiya, a sassauta ɗaurin nan yanzu, a kai shi Babban Asibitin Daura, kada a jira gari ya waye. Naman jikinmu tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kuma jini ne ke kai wa kowacce abinci da iska. Hannun da ya karye dole ya kumbura. Idan an tamke shi da kara da tsumma, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse hanyoyin jini. Da farko ƙwayoyin tsoka galabaita suke yi, su sha ruwa su kumbura, kuma idan jini ya dawo a wannan lokaci suna farfaɗowa. Amma bayan kamar awa 6 babu jini, sukan fara mutuwa, wadda ta mutu kuwa ba ta dawowa. Tabo ne ke maye gurbinta, ya janye yatsu su ƙandare. In abin ya yi nisa hannun ya yi baƙi ya ruɓe, sai yankewa.

Ihun da yake yi idan an miƙe yatsun shi ya fi tayar min da hankali, domin alama ce ta tsokar da ke neman ceto. Kuma idan ya daina kuka, yatsun suka daina jin taɓi, kada ki ɗauka sauƙi ne. Na sha ganin yaran da ƙashinsu ya ɗoru lafiya lau amma hannun ya tashi aiki, abin da almakashi zai hana tun daren farko.

Tambaya: Ina da hawan jini, an yi min hoto an ce zuciyata ta ƙara girma. Ba ƙarfi ta ƙara ba ke nan, kamar damtsen ɗan dambe? (Wani dattijo daga Ƙofar Marusa, Katsina)

Amsa: Baba, kwatancenka ya yi kusa. Ƙwayoyin tsokar zuciya ba sa hayayyafa yadda na fata ko na hanta ke yi, don haka idan aiki ya yi musu yawa, kowacce sai ta yi kauri. Bambancin shi ne ɗan dambe yana hutawa bayan wasa, zuciya kuwa ba ta da hutu. Bangon da ya yi kauri yakan yi tauri, ba ya cika da jini sosai, ga shi yana buƙatar jini fiye da da. A hankali sai haki, kumburin ƙafa, da kasa kwanciya ba tare da tara matasai ba. Idan ka riƙe maganinka kullum, ka rage gishiri da dunƙulen miya, kaurin kan iya raguwa. Kada ka ajiye magani don ka ji garau.

Tambaya: An cire min filasta bayan mako 6, sai na ga ƙafar ta rame kamar sanda. Ta shanye ne? (Wani ɗalibi daga Dutsin-ma)

Amsa: A'a, ƙanena. Tsokar da ba ta aiki takan rage jikinta, amma ƙwayoyin suna nan da ransu. Ka fara takawa da atisayen da aka nuna maka a asibiti, ka ci wake, ƙwai ko kifi gwargwadon hali. Cikin 'yan watanni za ta ciko. Sai dai in akwai dindiris ko ba ka iya ɗaga yatsun ƙafar, ka koma a duba jijiya.