Ƙanina, a dakata da maganar filin nan tukuna

Assalamu alaikum ƙanina, ya gida, ya su Hajiya, ya jikin Baffa? Allah ya ƙara sauƙi. Na saurari saƙon muryarka tun shekaranjiya har sau biyu, ban amsa ba ne saboda ba maganar da za a yi a tsaitsaye ba ce, shi ya sa na bari sai yau Asabar da na samu zama. Abin da na fahimta shi ne shekararka huɗu ke nan a sashen kula da ma'aikata na bankin nan naku, ka yi kwasa-kwasai shida a Coursera, shafin nan na karatu ta intanet, yanzu kana so ka zo Ingila ka yi mastas a fannin koyarwa ta intanet don ka samu irin aikina, har an fara zancen sayar da filin Baffa na hanyar Zariya. Kuma ka tambaye ni, wai da gaske ne manyan kamfanoni a nan da kwamfuta suke horar da ma'aikatansu, sannan akwai aiki a harkar?

Eh da gaske ne, har ya fi yadda kake zato. Ranar da na fara aiki a kamfanin da nake yanzu a Manchesta, na jigilar kaya ne mai manyan sito-sito a garuruwa da yawa, ko kujerata ban gama sani ba aka miƙo min laftop aka ce in shiga manhajar horo ta kamfani, irin wadda suke kira LMS, na tarar da kwasa-kwasai sun fi goma suna jirana kowanne da ranar da dole in gama shi. Yadda za ka yi in gobara ta tashi, yadda ake ɗaga kaya mai nauyi ba ka karya bayanka ba, kare bayanan mutane, cin hanci, wariya a wurin aiki. Ka kalli bidiyo, ka amsa tambayoyi, in ba ka ci ba ka sake, in ranar ta wuce ba ka yi ba imel ya tafi wurin ogan ka kai tsaye. Daga mai tuƙa motar ɗaga kaya har shugaban kamfani babu wanda ya tsira, kuma yawanci duk shekara ake maimaitawa.

Kada ka ɗauka son ilimi ne kawai ya kawo haka, doka ce ke bin su a baya. Akwai dokar lafiya da kariyar ma'aikata ta 1974 da ta ɗora wa mai kamfani nauyin koya wa mutanensa yadda za su yi aiki ba su ji ciwo ba, akwai dokar cin hanci ta 2010, ga ta kare bayanai wato GDPR da ta fara aiki a Mayun 2018, wadda tararta kan iya kai kashi 4 cikin 100 na duk cinikin kamfani a shekara. To in wani abu ya faru aka je gaban hukuma, abin da kamfani ke so ya nuna shi ne shaida, cewa wane ya yi kwas kaza ranar kaza ƙarfe kaza ya ci maki kaza, kuma manhajar ce ke ajiye wannan. Sannan tun Afrilun 2017 duk kamfanin da albashin da yake biya ya haura fam miliyan 3 a shekara ana cire masa kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin koyon sana'a, in bai yi amfani da shi ya horar da mutane ba ya tafi a banza. Ka san irinsa ai, kashi 1 ɗin nan da kuke biyan ITF ta Jos, hukumar asusun horar da ma'aikata. Korona ce ta ƙarasa abin, daga kullen Maris na 2020 ajujuwan da ake tara mutane a otal aka mayar da su Teams da Zoom, da yawansu har yau ba su dawo ba.

Amma bari in ba ka labarin kwas na farko da na haɗa da hannuna, don daga nan na san aikin. Kan ɗaga kaya ne, minti 45, na zuba masa dokoki da bayanai, ni a ganina ya yi kyau, kuma rahoto ya nuna kusan kowa ya gama. Sai shugabata ta ce in je sito da dare in gani da idona. Na je wajen ƙarfe biyu, sanyi kamar me, a ɗakin hutu kwamfuta biyu ce tak ga duk masu aikin dare, na tsaya bayan wata baiwar Allah 'yar Romaniya, shayi a hannu ɗaya, ɗaya hannun tana ta danna gaba gaba gaba ko kallon rubutun ba ta yi, hutunta rabin awa ne kuma Turancinta bai kai na dogayen jimlolin da na rubuta ba, da ta zo tambayoyi sai na kusa da ita ya riƙa faɗa mata amsa. Ban ga laifinta ba wallahi, ko ni ne haka zan yi. Na koma na datse shi guntu-guntu minti biyar-biyar da za a iya buɗewa a waya, na ɗauki hotunan ainihin kwalayen da suke ɗagawa a ainihin wurin, na rage rubutu, sannan muka sa shugaban kowane rukuni ya tsaya ya ga mutum ya ɗaga kaya a gabansa kafin a rubuta ya gama. Masu harkar nan suna yawan ambaton matakai huɗu na auna amfanin horo da wani masani Kirkpatrick ya fito da su tun 1959, wato kwas ya yi wa mutum daɗi, ya koyi wani abu, ya canja yadda yake aiki, kamfani ya ga amfanin. Biyun farko kwamfuta za ta gaya maka. Biyun ƙarshe sai ka tashi ka je.

Maganar manajoji kuma ta fi wuya, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa. Ba sabon abu ba ne, tun 1999 IBM, babban kamfanin kwamfuta na Amurka, ta fara wani shiri mai suna Basic Blue na sabbin manajoji, mafi yawansa ta kwamfuta amma duk da haka a ƙarshe sai sun haɗu a aji na wasu kwanaki, kuma har yau haka ake yi a wuraren da suka san abin da suke yi. Lissafin kasafi, dokar hutu, yadda ake cike takardar ladabtarwa, duk wannan bidiyo ya isa. Amma ka ɗauki yaro ɗan shekara 26 da aka ɗaga jiya, a ce ya zaunar da mutumin da ya isa ya haife shi ya gaya masa makararsa ta yi yawa, alhali ya san matar mutumin na asibiti. Mun taɓa sa wani irin wannan ya gwada da mai wasan kwaikwayo ta Teams, ya ci maki ɗari bisa ɗari a kwas ɗin rubutu, amma da aka kunna kyamara muryarsa rawa take, ya fara da ba da haƙuri ya ƙare bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Sai da aka yi sau uku. Kai ma da ka tashi a gidan da ba a kallon babba ido cikin ido sai ka koyi wannan, ni ya ɗauke ni lokaci sosai, don a nan in kana magana kana sunkuyar da kai sai su ɗauka ɓoye wani abu kake.

To tambayarka ta biyu. Aiki akwai, amma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, satifiket ɗin nan shida ba za su buɗe maka ƙofa ba. Ba wai ba su da amfani ba ne, ka ƙaru da su, sai dai a nan kamfanin da kansa ke saya wa ma'aikata LinkedIn Learning ko Coursera, kowa na da su jibge. Na zauna a intabiyu ta ɓangaren masu ɗauka, abin da muke cewa shi ne nuna mana abin da ka gina, buɗe shi mu gani, wa ka yi wa, me ya canja bayan sun yi. Sai a tambaye ka ko ka iya Articulate Storyline da Rise, manhajojin da ake haɗa kwas da su, ko ka san SCORM, wato ƙa'idar da ke sa kwas ya yi magana da manhajar kamfani ta san wa ya gama wa bai gama ba. A harkar ma'aikata kuma takardar CIPD suka fi ganewa, wato ƙungiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata ta nan, ita ce kamar CIPM ta gida, kuma ana iya yin matakinta na 5 ta intanet kana zaune a Kano. Ga shi yanzu manhajojin AI suna haɗa ƙaramin kwas cikin mintuna, don haka mai iya jera rubutu da hoto kaɗai kasuwarsa na ja baya, wanda ake nema shi ne mai iya shiga cikin ma'aikata ya gano inda matsalar take.

Sai biza, nan ne nake so ka karanta wa Baffa da kanka. Kuɗin makaranta yawanci daga fam 15,000 abin ya yi sama, ga kuɗin lafiya fam 776 a shekara, ga kuɗin zama da dole ka nuna a banki sama da fam 1,000 a kowane wata har wata tara. Awa 20 kaɗai aka yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu, ba za ta biya maka makaranta ba ko wa ya gaya maka. Tun Janairun 2024 mai irin wannan mastas ɗin ba ya zuwa da iyali, ke nan amaryarka da jaririn suna gida. Bizar bayan karatu shekara biyu ce, kuma an ce daga Janairun 2027 ta koma wata 18. Bayan nan sai ka samu kamfanin da zai tsaya maka, mafi ƙarancin albashin kuma ya tashi zuwa fam 38,700 a 2024 sannan 41,700 a 2025, akwai ragi ga wanda ya gama karatu kwanan nan amma ko shi ya haura fam 30,000, kuma kamfani ba ya son wahalar tsayawa baƙo a aikin da 'yan ƙasa suka cika layi a kai. Ni lokacin da na zo dokokin ba su kai haka tsauri ba, kada ka auna da ni. Na san yara biyu 'yan gida da suka gama irin karatun nan, ɗaya yana kula da tsofaffi, ɗayan ya koma, kuma dukansu kadara aka sayar.

Ga abin da nake so ka yi. Kana zaune a kan abin da ni ba ni da shi, banki mai rassa da ma'aikata da masu POS da yawansu Hausa suka fi ji. Ka sauke Moodle, manhajar horo ce irin LMS ɗin nan, kyauta ce, ka haɗa da H5P ta saka tambayoyi da bidiyo cikin kwas, ita ma kyauta, Storyline kuma suna ba da gwajin kwana 30. Ka zaɓi matsala ɗaya da ka san tana ci wa reshenku tuwo a ƙwarya, misali 'yan damfarar da ke bugo waya su ce daga banki ne a ba su lambar BVN ko lambar sirri, ka yi kwas na minti bakwai da Hausa da Turanci wanda zai buɗe a ƙaramar waya ba ya cin data, ka nemi izinin oganka ka gwada a reshe ɗaya, ka rubuta ƙorafi nawa ake samu kafin da bayan. In kana son digirin dai, Jami'ar Edinbura tana da mastas na koyarwa ta zamani da ake yi gaba ɗaya ta intanet, ba ya ba da biza amma ba ka bar aikinka ba. In kuma zuwan ne a ranka ka nemi Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, suna buɗewa wajen Agusta, suna son shekara biyu ta aiki kuma ka ninka ta, su za su biya komai, sharaɗin dai ka koma gida shekara biyu bayan ka gama.

Ka turo min kwas ɗin ko bai gama kyau ba, zan duba shi kamar yadda nake duba na masu neman aiki a nan, in gaya maka inda za ka gyara. Gobe bayan la'asar ɗinku zan kira Baffa mu yi maganar filin, ka gaya masa ya ajiye wayar kusa. Ka gaida Hajiya da amarya, a shafa min kan yaro.