Zan iya ƙarar wanda ke zaune a wata jiha a kotun ƙananan basussuka?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Na aika wa wani abokin ciniki a Legas atamfofi na naira 1,200,000, ya biya rabi, ragowar kuma wata 8 ke nan yana yi mini yawo da hankali. Zan iya ƙararsa a nan Kano, ko sai na bi shi can?

Amsa: Alhaji, Allah ya fitar maka da haƙƙinka. Zamansa a Legas ba ya hana a aika masa da sammaci. Irin wannan kotu, wadda jihar Legas ta fara buɗewa a 2018 da iyakar naira miliyan 5, Kano kuma ta bi sahu a 2019, tana zama ne a ƙarƙashin alƙalan majistare, kuma an tsara ta ta yanke hukunci cikin kwana 60. Kafin ka shigar da ƙara, wajibi ne ka aika masa takardar neman biya.

Abin da kotu za ta fara dubawa shi ne ko tana da hurumi. Idan a shagonka aka ƙulla cinikin, daga Kano aka ɗora kayan a mota, hujjarka ta shigar da ƙara a nan tana da ƙarfi, don haka ka adana rasit ɗin tasha, shaidar turo rabin kuɗin ta banki, da saƙonninku na WhatsApp inda ya amsa bashin. Sai dai dokar tarayya mai kula da isar da sammaci ta tanadi, a sashe na 97, cewa a rubuta a jikin sammacin cewa za a isar da shi a wajen jihar, sashe na 99 kuma ya ba wanda ake ƙara aƙalla kwana 30 don ya amsa sammacin. Sakaci da wannan kaɗai yana iya rushe shari'ar.

Inda nake so ka fi nutsuwa shi ne karɓar kuɗin, domin hukuncin Kano ba zai taɓa kayan shagonsa ba sai ka karɓi takardar shaidar hukunci ka yi mata rajista a kotun Legas. Idan duk dukiyarsa can take, shawarata ita ce ka lissafa kuɗin mota da masauki, ka gwada da wannan doguwar hanya, domin sau da yawa shigar da ƙarar a Legas tun farko ya fi sauri.