Ina so in zuba jari a ETF na gine-gine: ya dace da sabon shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne, ina ɗan tara wani abu daga albashina duk wata. Burina in mallaki gidan haya, amma abin da nake tarawa ba zai kai ba nan kusa. Wani abokina ya ce akwai wani asusun hannun jari, ETF na gine-gine, da ake saya ta manhajar waya, mutum ya riƙa samun rabonsa daga kuɗin haya ba tare da ya aza tubali ko ɗaya ba. Gaskiya ne? Kuma ya dace da wanda bai taɓa sayen hannun jari ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi gaskiya, sai dai bai ƙarasa maka zancen ba. Ana samun rabon daga kuɗin haya, kuma da kuɗi kaɗan ake shiga. Amma abin da za ka riƙe hannun jari ne, kuma halin hannun jari gare shi: farashinsa na hawa da sauka kowace ranar kasuwa, wani lokaci saukar ta yi muni. Wanda ya shiga da tunanin gida ya saya, shi ne yake firgita ya sayar da asara.

Ga yadda abin yake tafiya. A 1960 Amurka ta yi dokar da ta ba da damar kafa kamfanonin da ake kira REIT, shugaba Eisenhower ya sa mata hannu. Irin wannan kamfani yana tara kuɗin jama'a ya sayi gine-gine ya ba da haya. Doka ta sauke masa harajin kamfani a kan ribar da ya raba, bisa sharaɗin ya raba wa masu hannun jari aƙalla kashi 90 cikin 100 na ribar da ake lissafa wa haraji, kuma aƙalla kashi 75 na dukiyarsa ya kasance a gine-gine da makamantansu. Shi kuma ETF asusu ne da ke sayen hannun jarin kamfanoni da yawa ya haɗa wuri guda, sannan a riƙa sayar da kasonsa a kasuwa. Ka sayi kaso ɗaya na VNQ, wato ETF ɗin gine-gine na kamfanin Vanguard na Amurka, wanda aka buɗe a 2004, ka zama mai ɗan rabo a kamfanoni fiye da 100. 'Yan haya su biya kamfani, kamfani ya biya asusu, asusu ya turo maka naka, galibi duk wata uku.

Kafin ka saya, buɗe shafin asusun ka gangara wurin da aka jera manyan kamfanoni goma da ke cikinsa. Za ka yi mamaki. Akwai Prologis, mai manyan rumbunan ajiye kayan 'yan kasuwa. Akwai American Tower, wanda hasumiyoyin sadarwa yake ba kamfanonin waya haya. Akwai Equinix, mai gine-ginen da ake jibge na'urorin adana bayanan intanet, da Welltower mai gidajen kula da tsofaffi da gine-ginen asibiti, da Simon Property Group mai manyan cibiyoyin sayayya. Gidajen zaman iyali, irin wanda kake buri, kaso ne ƙarami a ciki. Wannan ba aibu ba ne, a ganina ma ƙarfinsa ke nan, domin a shekarun da ofisoshi suka rasa 'yan haya bayan cutar korona, rumbunan kaya da gidajen bayanai suna ta cika. Amma ka san abin da kuɗinka ya shiga.

Yanzu wurin da nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. A 2008 asusun irin wannan sun faɗi da kusan kashi 37 cikin shekara guda, kuma in aka auna daga ƙololuwar farkon 2007 zuwa Maris na 2009, kusan kashi biyu cikin uku na darajarsu ne ya tafi. A Maris na 2020 sun zube sosai cikin 'yan makonni. A 2022 kuwa VNQ ya sauka da kusan kashi 26. Dalilin na 2022 ya kamata ka fahimce shi, don zai sake faruwa. A watan Maris na shekarar babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili, kafin ƙarshen shekara ya wuce kashi 4. Kamfanonin REIT ba sa iya riƙe mafi yawan riba su yi sabon gini da ita, tunda doka ta tilasta musu rabawa, don haka da bashi da sayar da sababbin hannun jari suke girma. Bashi ya yi tsada, riba ta matse. Ta ɗaya gefen kuma, mai kuɗin da ya ga takardun lamunin gwamnati sun fara biyan kashi 4 ba tare da fargaba ba, sai ya janye daga gine-gine. Ginin yana nan daram, 'yan haya suna biya, amma farashin kasonka a waya ya yi ja.

Mai gidan haya ba ya ganin farashin gidansa kullum safiya, shi ya sa yake barci lafiya. Kai za ka riƙa gani. Wannan bambancin shi ne yake cin sababbin shiga. Shawarata ba ta da wani kwana-kwana: kuɗin da za ka buƙata cikin shekara biyar, na aure ne, na makaranta ne, ko na ko-ta-kwana, kada ya shiga nan. Kuma in har burinka ka tara ka sayi gida nan da shekara uku, wannan asusu ba ma'ajiyarka ba ce, domin ranar da ka tashi cire kuɗin tana iya faɗowa cikin shekara irin 2022.

Sai kuɗin kula da asusu, wanda ake yanka a hankali ba tare da an aiko maka takarda ba. A cikin ETF ɗin gine-gine na Amurka, SCHH na kamfanin Schwab yana ɗaukar kashi 0.07 a shekara, VNQ bai kai 0.15 ba, IYR na iShares, wanda tun 2000 yake kasuwa, yana kusan 0.4. A kan dala 1,000, na farko santi 70 ke nan, na ƙarshe kusan dala 4. Ba yawa a ido, amma ana cirewa kowace shekara, an ci riba ko ba a ci ba, kuma kayan cikinsu sun yi kama da juna. Ban ga dalilin da sabon shiga zai biya mai tsada ba.

Haraji ya fi wannan cizo, kuma shi ne abokai ba sa faɗa. Wanda ba mazaunin Amurka ba, ana cire kashi 30 daga rabon ribarsa kafin ya iso gare shi, sai dai in ƙasarsa tana da yarjejeniyar haraji da Amurka da ta rage adadin. Dillalinka zai sa ka cike takardar W-8BEN don a tantance haka. Mu ɗauka, a matsayin misali, ka sa dala 1,000 kuma rabon shekara ya kama kashi 4. Dala 40 ke nan a takarda, dala 28 a hannu. Ka lissafa da abin da manhajar ke ɗauka wajen saye da canjin kuɗi, sannan ka yanke hukunci da idonka a buɗe.

Akwai wani tarko da nake roƙonka ka kauce masa. Za ka ci karo da asusun da ke nuna rabon kashi 9 ko 10, zuciya ta ce ai wannan ya fi. Yawancinsu na kamfanonin da ba su da gini ne sam, bashin jinginar gidaje suke saye da kuɗin da su ma suka ranto. A farkon 2020 irin waɗannan sun rasa fiye da rabin darajarsu, da yawa suka zabtare rabon. Haka ma asusun da ke alƙawarin ninka motsin kasuwa sau biyu ko uku, na masu saye da sayarwa a yini ne, ba naka ba.

In batun riba ta haram yana damunka, damuwar tana da tushe. Kamfanonin bashin jingina kuɗin ruwa ne sana'arsu gaba ɗaya. Masu gine-gine na gaske kuwa haya suke ci, sai dai suna ɗauke da bashi mai ruwa, kuma wasu 'yan hayarsu gidajen caca ne ko bankuna. Akwai asusu mai suna SPRE da aka buɗe a 2020, wanda ke tace kamfanoni bisa ma'aunin shari'a, yana fitar da masu bashi da yawa da masu haramtacciyar sana'a. Kuɗin kularsa ya fi na sauran, kamfanonin cikinsa kuma ba su kai nasu yawa ba. Ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki bayanin asusun ya duba maka.

To ya dace da sabon shiga? Ya dace, a matsayin yanki na jarinka, ba dukkansa ba. Ni na fi son mutum ya fara ajiye kuɗin buƙatar wata uku zuwa shida a gefe, ya sa mafi yawan jarinsa a asusun da ya game kasuwa duka, wanda dama akwai kamfanonin gine-gine a cikinsa, sannan ya ware kamar kashi 5 zuwa 10 ga wannan. Ka riƙa saye da adadi ɗaya duk wata, farashi ya hau ko ya sauka, rabon da ya shigo kuma ka mayar da shi ciki. Kafin ka tura wa kowace manhaja ko sisi, ka nemi sunan dillalin a rajistar hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, ka kuma tabbatar ainihin kason asusun ake saya maka da sunanka, domin wasu manhajojin caca kawai suke sayarwa a kan motsin farashi, ba ka mallaki komai ba.