Muryar da Kawu kafinta ya turo kan abin da ke gudu a silin

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na saurari muryarki tun bayan la'asar, ina kan aiki ne a unguwar Asawase, nan Kumasi, shi ya sa ban amsa ba. Kin ce wani abu na gudu a silin ɗinki, yana kwashe miki gyaɗar da kike shanyawa, yara sun ce kurege ne, wane magani za ki saya a kasuwar Kejetia. To ni dai ba zan faɗa miki sunan magani ba. Abin da kike nema shi ne ki yi barci, gyaɗarki ta tsira, kuma wannan ba sai da guba ba.

Da farko ma, yaushe kike jin gudun? Wannan ne ba ki faɗa ba. Kurege da rana yake yawo, da hantsi da kuma yamma, dare ya yi ya kwanta. In ƙarfe biyun dare kike jin gurr-gurr a kanki, ba kurege ba ne, ɓera ne ko gafiya, wadda Asantawa ke kira okusie. Kuma kuregen da muka sani a arewa mai haƙa rami ne, ba ya hawa rufi. Na kan bishiya, opuro, shi ne zai biyo reshen mangwaronki ya faɗo kan kwano. Na ga mangwaron nan ranar suna, reshensa kwance yake a kan rufin kicin.

Maganar guba kuwa, wallahi har yau raina na ɓaci. Shekarun baya a gidan hayar da muka zauna a Aboabo, wani maƙwabcinmu ya kwaɓa magani da kan kifi ya ajiye bayan randa, bai gaya wa kowa ba. Gida mai ɗaki goma sha huɗu, yara suna rarrafe a tsakar gida! Da safe kajina biyar a miƙe. Kyanwar tsohuwar da ke ɗakin ƙofa ta ci ɓeran da ya ci maganin, ita ma ta tafi, tsohuwar nan ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Gafiyar da ake nema ɗin ta hau silin ta mutu a can. Kwana tara muna cikin ɗoyi, tsutsa na faɗowa kan tabarma, ni na ɓalle silin da hannuna na fito da ita. Da na yi masa magana sai ya ce ai ba kajina ya sa wa ba. Ko haƙuri bai ba ni ba, ko sidi ɗaya bai... to, a bar wannan, ya wuce.

Tarkon keji za ki nema, na waya, mai ƙofar da ke faɗowa in dabba ta taɓa abincin. Masu walda suna haɗa shi. A yi shi da tsawo, kamar kamu biyu, don gafiya wutsiyarta doguwa ce, in ya gajarta ƙofa za ta sauka a kan wutsiyar ta ja da baya ta fice. Kada ki ɗana shi ranar farko. Ɗaure ƙofar a buɗe da igiya, ki zuba gyaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli, ko kwakwar manja nunanna, ki bar shi kwana biyu ko uku ya ci ya saki jiki. Ɓera yana tsoron sabon abu a hanyarsa. Jikin bango za ki ajiye, ba tsakiyar fili ba, inda kika ga kashinsa da baƙin maiƙon da jikinsa ke gogawa. Abincin kuma can ƙurya, a ɗaure da waya, don gafiya kumatunta jaka ce, cika su take ta tafi. Ba banza aka ce gafiya tsira da na bakinki ba.

Yanzu ga inda nake so kowa a gidan nan ya ji ni. Wanda ya ɗana keji ya ɗauki amana. Safe da yamma sai an duba. Kada a ɗora shi kan kwano cikin rana, awa kaɗan dabbar za ta mutu da zafi da ƙishirwa. Na taɓa ganin kurege a kejin da yara suka manta kwana biyu, hancinsa duk ya saɓule wajen tura waya, bakin jini, yana ta haki. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ba, yana cikin Bukhari da Muslim, malamanmu na nan za su gyara mini. Ɓeran gida an halatta kashe shi, to a kashe shi nan take, ban da ƙona shi da kananzir da yaranmu ke yi a bakin kwata.

In ya kamu, ki rufa wa kejin buhu, zai natsu. Kada yaro ya sa yatsa. Ba wasa nake ba: a 2003 daga nan Gana aka kwashi gafiyoyi da kurege da wasu ƙananan dabbobi zuwa Texas, su suka kai wa Amurka ƙyandar biri, mutum 47 suka kamu a jihohi shida. Zazzaɓin Lassa da ya ɓulla a Accra a 2023, fitsari da kashin ɓera ne hanyarsa. Don haka kashin ma a yayyafa masa ruwan bilic kafin a share, gyaɗar da ya taɓa a zubar.

Abin da ya kamu, in ba ɓeran gida ba ne, sai a kai shi nesa, bayan gari inda akwai daji, ba bayan gidan wani ba. A'a, tsaya, in gyara. In kurege ne ko bushiya ko wata dabbar daji, ki tuna daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba doka ta hana farauta da kama namun daji, gyazbi kaɗai aka ware, shi ma da lasisi. Ma'aikatan namun daji suna nan gidan zu kusa da Kejetia, a tambaye su kafin wani ya ce zai kai Atwemonom, kasuwar naman daji, ya sayar. Kuma in kin ga mace ce nonuwanta sun fito, 'ya'ya na silin, sai an hau an fito da su, in ba haka ba ɗoyin da na ba ki labari ne. Jaba kuwa in ta shiga, a sake ta, kyankyaso take ci, ba gyaɗa ba.

Amma Hajiya, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kin kama ɗaya, ƙofa na buɗe, gyaɗa a buhu a ƙasa, wani zai gaje shi cikin mako. Gyaɗa ta koma cikin duro mai murfi. A sare reshen nan ya yi nesa da kwano kamar mita biyu. Tsakanin bango da rufi a buga ragar waya mai ƙananan ido, ba gidan sauron roba ba, cinye shi za su yi, haƙoransu ba sa daina tsiro, har wayar lantarki suke gaigaya, nan gobara ke tashi. Kuma ba a toshewa sai an tabbata ba kowa ciki: a cusa takarda a ramin, in ta kwana biyu ba a ture ta ba, sannan a buga.

Ki sa yaro ya ɗauko hoton kashin ya turo nan, in na gani zan gane ko wane ne. Asabar bayan azahar zan biyo da tsani da ragar, ki ce wa Alhaji ya nemo mai sarar reshen kafin nan.